Yadda nake zaɓar wa yarana littafi don kada su tashi suna raina mutane

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Ringim. Wata rana 'yata mai shekara 6 tana duba wani littafin Turanci da aka ba mu kyauta, sai ta ɗago kai ta ce, "Umma, ashe duk kyawawa farare ne?" Maganar ta tsaya mini a rai. Tun ranar ba na shigo da littafi gida sai na bincika shi.

Ki fara da hotuna, domin yaro yana karanta hoto kafin ya san baƙi da wasali. In na shiga Kano, nakan tsaya gaban mai littattafai a Kasuwar Sabon Gari in bi shafi ɗaya bayan ɗaya. Wa aka zana likita? Wa aka zana da kaya a ka? In baƙar fata kullum shi ne ɗan aike ko mabaraci, ki ajiye. Ki nemi wanda yarinya baƙa mai kitso da lalle ce ke jan labarin.

Amma kada mu jingina komai ga Turawa, mu ma muna da namu. Na sha jin yaran garinmu suna bin mai shagon magani da "Inyamiri", suna yi wa zabiya waƙa a hanyar rijiya, kuma a bakin manya suka ji. Don haka ina neman labarin da ɗan Ibo ko Bayarabe ko Batibi yake aboki ko maƙwabcin kirki. Littafin da ya mai da Bafulatani sakarai, ko Bagwari abin dariya, ko arha ne ba na saya.

A Kasuwar Kurmi akwai ƙananan littattafan tarihin sahabbai. Ki ɗauki mai labarin Bilal Bahabashe, ladanin farko, da Salmanu Bafarise wanda ya kawo shawarar haƙa gwalalo a yaƙin Khandaƙ. Nakan haɗa musu da aya ta 13 a Suratul Hujurati, wadda ta ce an sanya mu al'ummomi da ƙabilu ne don mu san juna. Ɗan aji biyar zai iya ɗaukar labarin Mandela: shekara 27 a kurkuku, ya fito a 1990, ya zama shugaban Afirka ta Kudu a 1994.

Ki riga yaron karantawa, sannan ku zauna tare bayan sallar isha'i. In mummunan littafi ya riga ya shigo hannunsa, kada ki ƙwace. Ki tambaye shi, "Wannan da suke wa dariya, da ƙaninka ne fa?" Ki yi shiru ki bar shi ya amsa.

Kuɗi kuwa, mu huɗu muka haɗu kamar adashi. Kowace ta sayi littafi ɗaya bayan kaka, ranar Juma'a yara su kai su karɓo na maƙwabciya.