Yadda Ake Neman Gurbin Karatun Likitan Dabbobi

Wanda ya taɓa shiga karar Maigatari ranar Alhamis, ko ta Wudil ranar Juma'a, ya san inda dukiyarmu take. Amma idan ciwon huhu ya faɗa wa garke, sau da yawa mai tallan magani ake kira, don likita ya yi nisa. Shi ya sa yake ci mini rai in ga yaron da ya tashi da kiwo ya rasa wannan karatu saboda kuskuren takarda.

Ƙanena, fara da sakamakonka na WAEC ko NECO. Ana son kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis. Kada wani ya ce maka darasin Noma zai tsaya a madadin Fizis.

Daga nan sai lambar NIN, wato lambar katin ɗan ƙasa, kuma a nan na fi so ka natsu. Ɗauko takardarta ka ajiye kusa da ta jarrabawa, ka duba suna harafi bayan harafi, ka duba ranar haihuwa. Mu a ƙauye an saba, a makaranta a rubuta maka sunan garinku a ƙarshe, wajen katin ɗan ƙasa kuma ka ba da sunan kakanka. Muhammad a nan, Mohammed a can. JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, daga NIN take kwaso bayananka, ranar tantancewa kuma bambancin zai fito. Gyara yana cin makonni, don haka ka fara tun kafin a buɗe rajista.

Idan sun daidaita, a saƙon tes ka rubuta kalmar NIN, ka bar tazara, ka sa lambobinka 11, ka tura zuwa 55019 ko 66019. Za a turo maka lambar da za ka sayi fin ɗin rajistar JAMB da ita. Layin wayar ya zama naka na kanka, ba na yayanka da zai tafi cirani Legas ba, domin duk saƙon da zai biyo baya ta nan zai zo.

Rajista a cibiyar kwamfuta da JAMB ta amince da ita kaɗai ake yi, kuma da ƙafarka za ka je, saboda ɗaukar hoton yatsu. Darussan jarrabawa huɗu ne: Turanci, Bayoloji, Kimistiri, Fizis. Karanta abin da ke allon da idonka kafin ma'aikacin ya tura, ko da layi ya yi tsawo ana yi maka tsaki.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ta Maiduguri da Bayero ta Kano duk suna da tsangayar likitan dabbobi. Wadda ka fi so ita za ka sa a zaɓi na farko. Karatun shekara 6 ne, a gaya wa Baba gaskiya tun yanzu don a san yadda za a yi da kuɗin makaranta. A gurbin kwaleji kuwa, Audu Bako ta Ɗambatta na koyar da lafiyar dabbobi, ba abin rainawa ba ce.

Bayan jarrabawa, ka koma cibiyar a ɗora sakamakon sakandarenka a shafin JAMB, in ba haka ba ko makinka ya kai ba za a ba ka gurbi ba. Ka cike fom ɗin tantancewar jami'a, sannan ka riƙa leƙa CAPS, shafin JAMB da ake ba da gurbi a kai, duk ranar kasuwa idan ka shigo inda akwai sabis. Sunanka na fitowa, ka danna karɓa, ka buga takardar shaidar gurbin.