Yadda Za a Shirya wa Ɗaukar Hoto da Tsara Gashin Ƙari Idan Ciwon Daji Ya Yi Nisa

Idan likita ya ce ciwon daji ya bazu, sannan ya tura majiyyaci wajen gashi, wato gasa ƙarin daji da haske mai ƙarfi daga inji, abu na farko da ya kamata dangi su fahimta shi ne manufar wannan gashin. Ba don a kawar da cutar baki ɗaya ake yin sa ba. Ana yin sa ne domin a rage zugin ƙashi, a tsayar da zubar jini, a buɗe hanyar numfashi ko ta abinci da ƙari ya matse, ko kuma a ceci lakar baya kafin ƙafafu su mutu. Saboda haka tsarinsa gajere ne, kuma yawan wahalar da majiyyaci zai sha ya danganta da shirin da aka yi kafin a kwantar da shi ƙarƙashin injin.

Kafin ku biya kuɗin mota daga Mai Wurno, ko Gadarif, ko Kasala, ku tabbatar ta waya cewa injin cibiyar da za ku je yana aiki a wannan makon. Shekara da shekaru mutanenmu na Sudan wurare biyu suka sani: cibiyar gashi ta Khartum, wadda ake kira Asibitin Zarra, da ta fara aiki a 1967, da kuma Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa da ke ƙarƙashin Jami'ar Jazira a Madani. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya dagula aikin ta Khartum, ya kuma kai Madani a Disambar wannan shekarar, har majiyyata da yawa suka koma neman gashi a Marawi, wasu kuma suka tsallaka Masar. Ku tambayi abu biyu daban-daban, wato ko injin gashin na aiki, da ko na'urar hoton tsarawa, wato hoton da ake tsara gashin da shi, ita ma tana aiki, domin ɗaya na iya tsayawa ɗaya na tafiya.

Ku tattara takardu a jaka guda. Mafi muhimmanci ita ce sakamakon gwajin tsokar da aka yanka, domin ita ke faɗin irin dajin, kuma ba kowane iri ne ke jin gashi daidai da ɗan'uwansa ba. Ku haɗa da hotunan baya a faifai ko a filashi, ba rahoton da aka rubuta a takarda kaɗai ba, tunda likitan gashi yana so ya ga hoton da idonsa. Ku zo da sunayen magunguna da sakamakon gwajin ƙoda na kwanan nan. Idan an taɓa yi wa majiyyaci gashi, ko da shekaru ne suka wuce, takardar wancan gashin ba ta da madadi, saboda lakar baya da ƙoda da hanji suna da iyakar abin da za su iya ɗauka, kuma abin da aka ba su a baya yana shiga lissafin na yanzu. Wanda takardunsa suka salwanta a gudun hijira ya faɗa wa likita wurin da aka gasa, da shekarar, da yawan kwanakin da aka yi, ya kuma nuna masa ɗigon alamar da ta rage a fata idan akwai.

Hotuna iri-iri ne, kuma kowanne da tambayar da yake amsawa. Hoton ƙashi na yau da kullum yana nuna ko ƙashin cinya ko na hannu ya zagwanye har yana dab da karyewa. Idan haka ne, sau da yawa likitan ƙashi ne zai fara sa ƙarfe, gashi ya biyo baya, domin gashi ba ya ƙarfafa ƙashi cikin kwanaki. Hoton CT yana nuna ƙirji da ciki da ƙashi dalla-dalla. Hoton MRI shi ne ya fi kowanne nuna lakar baya da ƙwaƙwalwa, amma injinsa maganaɗisu ne mai ƙarfi, don haka wajibi ne a faɗa wa ma'aikata idan akwai na'urar daidaita bugun zuciya, ko ɓarɓashin harsashi ko na bam a jiki, abin da a yanzu ba baƙo ba ne a cikinmu. Akwai kuma hoton ƙasusuwan jiki duka, wanda ake yin allura a jira awa 2 zuwa 3 kafin a ɗauka. A ganina kada dangi su dage sai an yi dukansu. Idan wurin ciwon ya fito fili kuma hoton da ake da shi ya nuna shi, jiran wani hoton na mako biyu ƙarin azaba ne kawai.

Akwai hali guda da ba ya jira. Idan mai ciwon daji ya fara jin ciwon baya da ke tsananta da dare ko lokacin tari, ko ciwon ya zagaye ƙirji ko ciki, sannan ƙafafu suka yi nauyi, ko suka mutu, ko fitsari ya riƙe, ko ya riƙa zuba ba da saninsa ba, to ana zargin ƙari ya danne laka. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a yi MRI na kashin baya gaba ɗaya cikin awa 24, a fara maganin deksametazon don rage kumburi, a kuma gaggauta tiyata ko gashi. Wanda aka fara wa magani yana iya takawa yakan ci gaba da takawa, wanda kuma ya kwana biyu ƙafafunsa a mace da wuya su dawo. A irin wannan hali ku kwantar da shi a miƙe, ku nufi asibiti mafi kusa a ranar, kada ku tsaya tausa ko ɗori, kada kuma ku jira ranar da aka rubuta muku a kati.

Mutane da dama suna mamakin a ce za a sake yin CT alhali sun zo da nasu. Hoton tsarawa daban ne. Ana ɗaukar sa a kan gado mai shimfiɗaɗɗen baya irin na injin gashi, majiyyaci na kwance daidai yadda zai kwanta ranar gashin, ana daidaita jikinsa da layukan haske da ke fitowa daga bango, sannan a yi alamomi a fata. Idan kai ko wuya za a gasa, ana jiƙa wata roba mai raga a ruwan ɗumi, a ɗora a fuska har ta sandare da siffarta. Ana numfashi ta cikinta ba tare da matsala ba, amma mai tsoron matsatsi ya faɗa tun da wuri. Aikin yakan ɗauki minti 15 zuwa 30.

Abin da ya fi ɓata wannan hoto shi ne zafi. Mutumin da ƙashinsa ke zugi ba zai iya kwanciya cik a kan gado mai tauri ba, idan kuma ya karkace don ya ji sauƙi, da wannan karkatar za a tsara gashin. Don haka ku tambayi likita tun kafin ranar yadda za a ba shi maganin zafinsa, wanda idan morfin na sha ne mai saurin aiki akan ba da shi kamar rabin awa kafin a shiga. Haƙuri halin kirki ne, amma a nan ɓoye ciwo cutar kai ne, kuma dattawanmu sun fi kowa yin sa. Idan ba zai iya kwanciya rigingine ba, ya ce ba zai iya ba, akwai matasai da ake tallafa gwiwa da wuya da su. Ya kuma nuna wurin ciwon da yatsa ɗaya a gaban likita, domin hoto na iya nuna wurare biyar, amma wanda ke hana barci shi ake so a gasa. Macen da ke zaton tana da ciki ta faɗa kafin a ɗauki kowane hoto, wadda kuma ta fi son ma'aikaciya mace ta roƙa, kuma wurin da za a gasa kaɗai ake buɗewa.

Alamomin fata su ne ma'aunin ma'aikata. Wajen wanka a zuba ruwa a hankali, kada a cuɗa, kada a shafa mai ko dilka a wurin, idan kuma alamar ta dusashe kada wani a gida ya sake zana ta. Wasu cibiyoyi na yin ɗigon tawada na dindindin, wanda ke da damuwa da hakan ya tambaya ko za a yi masa da alƙalami a rufe da filasta.

Daga nan aiki ya koma kan kwamfuta. Likita zai zagaye ƙarin a kan hoton, ya ƙara ɗan fili a gefensa saboda motsin numfashi da bambancin kwanciya, ya kuma zana gaɓoɓin da ake so a kare. Masanin lissafin haske zai fitar da tsawon lokacin da injin zai yi, ko injin kobal ne ko na lantarki, wani kuma ya sake duba lissafin. A gashin rage raɗaɗi sau da yawa haske biyu sun wadatar, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, shi ya sa ake iya farawa a ranar ko cikin 'yan kwanaki.

Tambayar da ta fi dacewa ku yi wa likita ita ce jalsa nawa, wato zama nawa, za a yi, da kuma dalili. Ana auna gashi da ma'aunin girai, kuma tsare-tsaren da aka fi sani su ne girai 8 a zama ɗaya, ko 20 a zama 5, ko 30 a zama 10. A ciwon ƙashin da babu karaya ko dannewar laka, bincike da yawa sun nuna zama ɗaya yana rage zafi daidai da zama 10, kuma kusan majiyyata 6 cikin 10 na samun sauƙi. Bambancin shi ne wanda aka yi wa sau ɗaya ya fi yiwuwar buƙatar a maimaita masa nan gaba. Ga iyalin da suka baro gona suna haya a garin da ba nasu ba, wannan babban bambanci ne, don haka ku faɗi halin da kuke ciki ba tare da kunya ba, ku bar likita ya auna.

Gashin kansa ba ya zafi, mintuna kaɗan ne, kuma majiyyaci ba ya fita da wani haske a jikinsa, yana iya cin abinci a tire ɗaya da kowa, ya ɗauki jikokinsa. Sauƙi ba ya zuwa a ranar. Yakan fara bayan mako 1 zuwa 2, ya cika a wajen mako 4, kuma wasu zafin kan ƙaru na 'yan kwanaki bayan gashin kafin ya lafa, don haka kada a daina maganin zafi sai da izinin likita. Idan kusa da ciki aka gasa, ku nemi maganin amai tun kafin zaman. Kafin ku bar cibiyar ku karɓi takardar da ke nuna wurin da aka gasa, da adadin girai, da yawan zama, da kwanan wata, ku ɗauke ta hoto a waya, ku tura wa wani ɗan'uwa da ke wani gari ya ajiye.