Yadda Ake Zaɓen Kwasa-kwasai a Karatun Jami'a Daga Nesa Domin Samun Digirin Kimiyyar Kwamfuta

Ɗalibin da yake zuwa aji kullum ba ya shan wahalar zaɓe sosai, domin sashensa ya riga ya tsara masa abin da zai karanta a kowane zango, idan kuma ya kauce akwai malami ko abokin karatu da zai ja hankalinsa. Shi kuwa mai karatu daga nesa, jerin kwasa-kwasai ake ajiye masa, kowanne da lambarsa da nauyinsa da ranar farawarsa, sannan a bar shi ya zaɓa. Wannan 'yancin shi ne daɗin tsarin, amma a nan ne kuma mutane da yawa suke yin tuntuɓe, musamman a fannin kwamfuta, inda kusan kowane darasi yake zaune a kan wani da ya gabace shi. Shawarar da nake bai wa duk wanda ya tambaye ni ita ce ya fara tsara karatunsa daga ƙarshe, wato ya fara sanin inda yake so ya tsaya a shekarar kammalawa, sannan ya dawo baya yana gano abin da zai kai shi can.

Kafin a kai ga wannan, wajibi ne ɗalibi ya fahimci ma'aunin da jami'arsa take amfani da shi. Karatu daga nesa ya daɗe a duniya, domin Jami'ar Landan ta buɗe wa ɗaliban waje ƙofar jarrabawarta tun 1858, Jami'ar Afirka ta Kudu da aka fi sani da UNISA ta fara koyarwa ta wasiƙa a 1946, Open University ta Birtaniya kuma an kafa ta a 1969. Kowace daga cikin irin waɗannan jami'o'i tana auna nauyin kwas da abin da ake kira kiredit, sai dai darajar kiredit ɗin ba ɗaya ba ce a ko'ina. A Ingila, digirin farko mai daraja yana buƙatar kiredit 360, an raba su matakai uku, kowane mataki 120, kuma ana ɗaukar kiredit ɗaya a matsayin awa 10 na karatu. A tsarin ECTS da yawancin ƙasashen Turai suke bi, shekara ɗaya ta cikakken karatu kiredit 60 ce, kowane ɗaya yana daidai da awa 25 zuwa 30. Wanda ya ga lamba 30 a gefen kwas bai san komai ba tukuna, sai ya san a wane ma'auni aka rubuta ta.

Amfanin wannan lissafi shi ne yana mayar da buri ya zama awanni, su kuwa awanni ana iya ƙirga su. Kiredit 360 a ma'aunin Ingila awa 3,600 ke nan. Kwas mai kiredit 60 da ake yi cikin kimanin wata tara yana cin awa 16 zuwa 18 a mako, mai kiredit 30 kuma wajen rabin haka. Wanda yake ɗaukar kiredit 60 a shekara zai kammala cikin shekara shida, wanda ya ɗauki 120 zai kammala cikin uku, amma zai buƙaci fiye da awa 30 a kowane mako, wato kusan awannin cikakken ma'aikaci. Saboda haka, kafin ɗalibi ya yi rajistar komai, ya kamata ya ɗauki mako biyu yana rubuta yadda lokacinsa yake tafiya a zahiri, ya cire lokacin aiki da na iyali da na barci da na zirga-zirga, ya ga abin da ya saura. Kada ya ƙirga awannin da yake fatan samu, ya ƙirga waɗanda ya samu. Idan abin da ya rage awa 10 ne a mako, to kwas ɗaya mai kiredit 30 shi ne gwargwadonsa a wannan zangon, kuma babu abin kunya a cikin haka. Ina ƙara jaddada cewa a fannin kwamfuta a bar wuri ga abin da ba a zata ba, domin kuskure ɗaya a cikin manhajar da mutum ya rubuta yana iya cinye masa dare biyu kafin ya gano cewa alama ɗaya ce ya sa ba a wurinta ba.

Bayan an san awanni sai a koma ga batun farawa daga ƙarshe. Ɗalibi ya buɗe jerin kwasa-kwasan mataki na uku, ya karanta bayaninsu a tsanake, ya ware uku ko huɗu da suka fi kusa da aikin da yake so ya yi bayan digiri. Wani zuciyarsa tana kan ƙera manhaja, wani tsaron intanet, wani sadarwa tsakanin kwamfutoci, wani nazarin bayanai ko ƙirƙirarriyar basira. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kwasa-kwasai yana da sashe da yake bayyana ilimin da ake sa ran ɗalibi ya zo da shi, kuma wannan sashen ya fi kowane muhimmanci ga mai tsara karatu. A rubuta sunayen kwasa-kwasan mataki na biyu da aka ambata a wurin, sannan a buɗe su su ma, a ga abin da suke buƙata daga mataki na farko. Idan aka gama, za a ga cewa zaɓin da ya yi kama da daji ya koma hanya mai rassa kaɗan, kuma fiye da rabin kwasa-kwasan sun zaɓi kansu.

A nan akwai bambancin da ya kamata a kula da shi. Wani sharaɗin dole ne, jami'a ba za ta bari a yi rajista ba sai an cika shi. Wani kuma shawara ce kawai, ƙofa a buɗe take ga wanda ya ga zai iya. Wasu jami'o'in karatu daga nesa sun fi yawan amfani da na biyun, domin suna ɗaukar ɗalibansu a matsayin manya masu sanin ciwon kansu. A ganina, a fannin kwamfuta ya kamata a ɗauki shawarar tamkar doka, sai dai ga wanda ya riga ya yi aiki a fannin ya kuma tabbatar da iliminsa ta hanyar gwajin shiri da jami'o'i da yawa suke ajiyewa a shafin kwas. Wanda ya shiga darasin algoridim, wato matakan da kwamfuta take bi wajen warware matsala, alhali bai iya rubuta ƙaramar manhaja shi kaɗai ba, zai riƙa koyon abu biyu a lokaci guda, ga kuma ranar miƙa jinga tana matsowa, taura biyu kuwa ba ta taunuwa.

Lissafi shi ne wurin da na fi ganin ɗalibai suna cutar kansu. Da yawa sun bar makaranta da tsoronsa, don haka idan aka ba su zaɓi tsakanin kwas mai sauƙi da mai zurfi, sai su ɗauki mai sauƙin ba tare da sun duba gaba ba. A Open University, alal misali, an daɗe ana bai wa ɗaliban kwamfuta zaɓi a mataki na farko tsakanin MU123, wanda yake gina harsashi, da MST124, wanda ya fi zurfi ya kuma shiga kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa suke sauyawa. Babu wanda ya fi wani a kan kansa, abin dubawa shi ne inda mutum ya dosa. Mai son ƙera shafukan intanet ko kula da sadarwa zai iya tafiya da harsashi mai kyau. Mai son koyar da na'ura ko nazarin bayanai kuwa ba zai tsere wa aljabarar matiris da ilimin yiwuwa da ƙididdiga ba, domin a kansu aka gina fannin gaba ɗaya. Kowane ɗalibin kwamfuta kuma yana buƙatar ilimin mantiƙi, da na rukunoni, da na zanen alaƙa tsakanin abubuwa, da sanin yadda ake tabbatar da hujja. Wanda ya daɗe da barin lissafi ya fi masa alheri ya ba shi zango guda shi kaɗai, ya yi shi da kyau, maimakon ya cusa shi a gefen wani kwas mai nauyi.

Haka abin yake ga darasin algoridim da hanyoyin tsara bayanai, wanda a Open University yake ɗauke da lamba M269 kuma ake koyar da shi da harshen Python. Duk inda aka sa irin wannan darasi cikin na zaɓi, ina roƙon ɗalibi kada ya kauce masa don an ce yana da wuya. Shi ne yake koya wa mutum dalilin da ya sa wata manhaja take gama aiki cikin daƙiƙa ɗaya, wata kuma take kwana a kan aiki iri ɗaya idan bayanai suka yi yawa. Harsunan shirya manhaja suna tashe suna sauka, Python ya fito a 1991, Java a 1995, wasu da dama sun biyo bayansu, amma yadda ake jera bayanai da nemo su da auna tsadar aiki bai canja ba. Don haka bai kamata a zaɓi kwas saboda sunan harshen da ke cikinsa kawai ba. A fara da harshe ɗaya a riƙe shi har hannu ya faɗa, na biyun zai zo da sauƙi. Tare da algoridim, darasin rumbun bayanai da na yadda kwamfuta da sadarwa suke aiki su ne ginshiƙan da nake so in gani a kowane tsari, ko da wane reshe mutum zai bi daga baya.

Sai batun haɗa kwasa-kwasai biyu a lokaci guda. Kwas biyu masu kiredit 30 sun fi kwas ɗaya mai 60 wahalar gudanarwa ko da awanninsu ɗaya ne, domin kowanne yana da nasa jadawalin jinga da nasa malamin da nasa jarrabawar. Kafin a haɗa su, a nemi ranakun miƙa aiki na kowanne a jera su a kalanda ɗaya, a ga ko suna cin karo. Ya fi dacewa a haɗa mai yawan aikin hannu da mai yawan karatu da rubutu, kada a haɗa biyu masu buƙatar rubuta manhaja da yawa. Inda jami'a take da lokacin farawa fiye da ɗaya a shekara, kamar Oktoba da Fabrairu, ana iya jera kwasa-kwasan yadda ɗaya zai yi nisa kafin ɗayan ya fara, sai dai a sani cewa watannin da suka haɗu a tsakiya za su yi nauyi. A duba kuma yadda ake auna kowane kwas, ko da jarrabawa ko da babban aikin ƙarshe, da ko sai an ci kowane ɓangare daban kafin a ba da sakamakon nasara.

Akwai ƙa'idojin jami'a da ba a cika karantawa ba sai bayan sun yi wa mutum illa. A jami'o'i da yawa na Birtaniya, sakamakon mataki na farko ba ya shiga lissafin darajar digiri, na biyu da na uku ne suke shiga, kuma na uku ya fi nauyi. Ma'anar wannan ita ce mataki na farko wurin koyon yadda ake karatu ne da gwada fannoni, kuma idan mutum zai yi sauri to a nan zai yi, ya rage gudu a inda maki yake da tsada. A tambaya ko akwai iyakar shekarun da aka ƙayyade don kammalawa, da ko kwas ɗin da ake shirin ɗauka nan da shekara uku zai kasance yana nan, domin kwasa-kwasan kwamfuta sun fi na sauran fannoni saurin ritaya, kuma jami'o'i sukan rubuta shekarar da za a gabatar da kwas a karo na ƙarshe. Wanda yake da difloma ko wani karatun gaba da sakandare ya nemi a duba masa ko za a ƙirga masa shi tun kafin ya yi rajistar farko. A tsarin Ingila kuma akwai wuraren hutawa a hanya, takardar shaida a kiredit 120 da difloma a 240, kuma yana da kyau a tsara kwasa-kwasai yadda idan rayuwa ta tilasta tsayawa, mutum zai tsaya da takarda a hannu. Haka nan a tabbatar hukumar ilimi ta ƙasar da za a nemi aiki ta amince da jami'ar, a kuma duba ko wata ƙungiyar ƙwararru, irin BCS ta Birtaniya, ta tantance digirin, domin wani lokaci tantancewar tana rataye ne a kan ɗaukar wasu kwasa-kwasai takamaimai.

Furojet ɗin shekarar ƙarshe shi ne inda duk zaɓin baya yake bayyana. Yawanci ana so ya ginu a kan wani kwas na mataki na uku da ɗalibi ya riga ya yi, don haka a sa wannan kwas ɗin ya zo kafin furojet, ba a lokaci guda da shi ba, kuma a bar furojet ɗin ya zama shi kaɗai a zangonsa idan hali ya yi. Tun daga mataki na biyu ɗalibi ya buɗe littafi yana rubuta matsalolin da yake gani a wurin aikinsa ko a harkokinsa waɗanda manhaja za ta iya warwarewa, ya kuma riƙa adana duk manhajar da ya rubuta da Git, wato manhajar da take ajiye tarihin gyare-gyaren aiki, yana kiyaye dokar jami'a da ta hana wallafa amsoshin jinga a fili. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya isa shekarar ƙarshe da batutuwa biyar a rubuce ya fi wanda zai fara neman batu a makon farko kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Duk wannan tsari a zuba shi a takarda ɗaya: shekaru a gefe, kwasa-kwasai a gabansu, da kiredit da awannin mako da sharaɗin kowanne. A aika wa mai ba ɗalibai shawara a jami'ar ya duba, a nemi amsarsa a rubuce, sannan a sake buɗe takardar a ƙarshen kowace shekara kafin a yi sabuwar rajista, a gyara ta gwargwadon sakamakon da aka samu da sauyin da jami'a ta yi. A ƙasan takardar kuma a rubuta ranar ƙarshe da ake iya ɗage kwas ko janyewa daga cikinsa ba tare da an rasa kuɗi ko an rubuta faɗuwa ba, domin ɗalibin da rashin lafiya ko sauyin aiki ya same shi a tsakiyar zango yana buƙatar wannan ranar a gabansa tun kafin ta wuce.