Yadda nake koya wa yara illar cunkoson birni a Agege

Kada ka fara da allo. A Agege da ke Legas nake koyarwa, kuma na lura yaro ba ya gane wannan darasi sai ya gani da idonsa. Washegarin da aka tafka ruwa, musamman a watan Yuni, ka fita da su bakin kwata mafi kusa. Su ƙirga abin da ya toshe ta: ledar fiya wata, robar lemo, tsumma. Sai ka tambaye su, ruwan da ya rasa hanya ina zai nufa? Wata yarinya ta taɓa ce min, "Malam, ɗakinmu, har yau katifarmu ba ta bushe ba."

Ku koma aji. Kowa ya rubuta a takarda, ba tare da suna ba don gudun kunya, mutum nawa ke amfani da banɗaki ɗaya a gidan hayarsu, da inda mai ruwa yake cika jarkokinsa. A nan maganar kwalara take shigowa, domin manyan cikinsu na tune da ɓarkewarta a Legas a 2024. Ka zana rijiya dab da masai, ka nuna yadda ƙazanta ke tsattsafowa ta ƙarƙashin ƙasa. Ka daɗe a nan.

Sauro kuwa, ka ɗebo ruwan da ya kwanta cikin tsohuwar taya a kwalba, su ga tsutsotsin suna wutsil-wutsil. Hayaƙin danfo, wato motocin bas na haya a Legas, ba ya buƙatar dogon bayani, kowa na shaƙa. Ka dai jaddada kada a kunna janareto cikin ɗaki.

Aikin gida, kowa ya tambayo wani dattijo yadda layinsu yake lokacin da ya fara zuwa Legas.