Kurakuran da muke yi in an yi hatsari a ƙauye, asibiti kuma da nisa

Wallahi da yawa cikin waɗanda muke rasawa a hanyoyin ƙauye ba buguwar kaɗai ke kashe su ba, har da abin da mu masu taimako muke yi kafin a kai asibiti.

Ɗauka ita ce babba. Mashin ya kayar da mutum sai ka ga an ruga, wannan ya kama hannu wancan ƙafa, kai yana reto, a cusa shi bayan mota a zaune, to in akwai karaya a wuya ko gadon baya ai mu muka ƙarasa shi, ya farfaɗo ƙafa ba ta motsi. A samo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum ɗaya ya riƙe kan kar ya juya, a mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume a ɗora.

Sai jini. Ƙasa, toka, fetur, baƙin mai, har kashin shanu ake tusawa, duk ɓata raunin suke yi, ƙasa da kashin shanu kuma hanyar ciwon sarƙe haƙora ce. Tsumma mai tsafta kawai, ka danne da ƙarfi, ya jiƙe ka ƙara wani a sama, ban da ɗagawa kana leƙe. In ƙarfe ko wuƙa ta maƙale a jiki a bar ta nan.

Ruwa da madarar gwangwani ma a haƙura, zai iya shaƙewa, kuma ƙila tiyata za a yi masa.

Wanda ya bugu a kai ko a ciki kar a ɓata awa guda a kemis, a wuce babban asibiti inda ake tiyata da ƙarin jini, a tafi da ’yan uwa masu iya ba da jinin. A Najeriya lambar Road Safety 122 ce, akwai 112 kuma, amma in babu sabis lambar direban garinku ta fi amfani, ka ajiye ta tun yau. Maganar sai an kawo takardar ’yan sanda kuwa, dokar 2017 ta ce ko harbin bindiga ne a fara magani tukuna.

Mai ɗori yana da ranarsa, amma in ƙashi ya ɓullo waje, ko an ɗaure karare yatsu sun fara sanyi suna baƙi, a kwance ɗaurin a nufi asibiti, ko da na ƙashi na Dala ne a Kano, kafin ƙafar ta kai ga yankewa.