Abubuwan da ya kamata ka kashe a sabarka ta Ubuntu

Kafin ka taɓa komai fara buga systemctl list-unit-files --state=enabled ka ga manhajojin da ke tashi da kansu in an kunna sabar, sannan ss -tulpn ya nuna maka ƙofofin da suke buɗe. In ka ga cups, wato mai kula da firinta, zaune a ƙofa ta 631 alhali ko firinta babu a wajen, to me yake yi? Kashe shi da systemctl disable --now cups, haka avahi-daemon da bluetooth da ModemManager, duk kayan laftof ne.

Amma ssh kam, wato hanyar shiga sabar daga wata kwamfuta, kar ka kuskura ka kashe shi, musamman in daga nesa kake shiga, kai za ka kulle kanka waje wallahi. Bar cron, mai gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara, da mai saita agogo a kunne, in lokaci ya karkace satifiket na tsaro ma rikicewa yake. Ɗaya bayan ɗaya ake kashewa, a yi ristat a duba.