Firiza da Kayan Gyara: Kurakuran da Yaran Shago Suka Fi Yi

Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya ga masu koyon gyara a nan Marwa ta Kamaru. Da zarar zafin Afrilu ya haura digiri 40, waya ta ɗau zafi, sai yaro ya ruga ya cusa ta a firizar mai ƙanƙara. Kai, wa ya koya maka?

Ɓarnar tana faruwa ne lokacin fito da ita. Fanel, wato allon lantarkin cikin wayar, ya yi sanyi ya gamu da iska mai ɗumi, raɓa ta kwanta a ƙarƙashin ƙananan kayan da aka liƙa da dalma, ka kunna, wuta ta bi ruwa. Da damina abin ya fi muni. Wani yarona ya yi wa wayar wata Hajiya haka, daga aljihuna na biya sabuwa, hotunan bikin 'yarta kuwa har yau babu su. Wai kuma yana rantsuwa minti biyar kawai ta yi a ciki! Sannan kada ka kuskura ka jona caji batir yana daskare. Batirin litiyam da aka yi wa caji ƙasa da digiri sifili yana lalacewa daga ciki, ƙarfinsa ba ya dawowa, wani ma ya kumbura. Ni dai kashe wayar nake, in cire mata riga, in ajiye ta a inuwa gaban fanka.

Maƙera ma sun shigo layi, sun ga bidiyo a intanet wai sanyi yana ƙara wa wuƙa ƙarko. Gaskiya ne, amma da ruwan naitirojin ake yi, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. A hankali ake sauke ƙarfen, ya yi kamar kwana guda, sannan a sake ɗumama shi don kada ya tsage. Kuma sai ƙarfe mai yawan kabon da aka riga aka gasa aka tsoma. Firizarku iyakarta wajen 18 ƙasa da sifili. Rodin gini ko shekara ya yi a ciki, rodi zai fito.

Boris kam, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da taya ko inji ke juyawa a kansa, sanyi yana ɗan tsuke shi ya shige gurbinsa, amma ka goge raɓar, ka shafa mai, ka sa shi nan take. Kada ka yi ta dukansa da guduma.

Faifan ajiyar bayanai na kwamfuta (hard disk) da ya mutu, ko an ce maka sanyi yana farfaɗo da shi, bar shi nesa da firiza.